Tabarau ɗin Hajiya Yalwa

Injin markaɗe nake fara ji duk lokacin da na tuna ranar. Yana bayan katangar gidan su Sikira a Fagge, tun hantsi yake ɓaɓatu, yana turo mana ƙanshin tattasai da albasa ta tagar ɗakin da muke zama, har idanunmu su kawo ruwa. Mun saba da shi kamar yadda ake sabawa da maƙwabci mai yawan magana. Mai karatu takan ɗaga murya ta haye kansa, masu sauraro su matso su kasa kunne. A ranar ce kaɗai na san ya yi shiru kafin magariba. Da ya ci gaba da kukansa, wataƙila da rabin ɗakin ba su ji abin da na faɗa ba.

'Ya'yana, na sha jin kuna gaya wa naku 'ya'yan cewa ina da ƙungiyar karatu a ƙuruciyata, wai babanku ne ya rushe ta da ya aure ni. Ba haka aka yi ba. Allah ya jiƙansa, mutumin nan bai taɓa hana ni buɗe littafi ba, shi ne ma yake sayo mini su in ya yi tafiya. Ƙungiyar ta mutu tun kafin ya san hanyar gidanmu. Ga yadda aka yi, don ku sauke masa kayan da ba nasa ba.

Shekarar da kuɗin man fetur suka zubo wa ƙasar nan ce. Gwamnati ta ƙara albashi, ta kuma biya na baya a dunƙule, sai gari ya zama kamar gidan biki. Samarin da jiya suke tafe a ƙasa suka hau babura. Kantunan Titin Ibrahim Taiwo suka jera talabijin a bayan gilashi, mutane su tsaya a waje suna kallon bakuna na motsi ba sa jin magana. A Kasuwar Singa manyan motoci ba sa gama sauke kaya wasu sun iso. Kowane gida ka shiga rediyo mai kaset na rera waƙar Indiya. Ni kuwa na gama kwalejin horar da malamai mata, ina koyarwa a wata firamare nan Fagge, ina tafe ina mafarki. Nakan tsaya a tsakiyar hanya don na ga shirwa tana shawagi, in koma gida in rubuta mata baiti biyu. Inna takan ce wata rana zan faɗa rijiya ina murmushi. Wata safiya na sayi ƙosai a hanyar makaranta, na warware takardar da aka ƙunshe shi, sai ga shafin wani tsohon littafi da Baba yake karanta mana muna yara. Mai ya ratsa shi har ana ganin rana ta ciki. Na ci ƙosan, ba zan ɓoye muku ba, yunwa nake ji. Amma na kasa yar da takardar.

Da yamma na kai wa Sikira ita. Sikira ƙawata ce tun muna aji ɗaya. Kakanninta daga Ilori suka zo, amma a Fagge aka binne cibiyarta, kuma ta fi ni iya zagi da Hausa. Mahaifiyarta tana da rumfar atamfa da leshi a Kasuwar Sabon Gari, babba da yaro Iya Sikira suke ce mata. Na ce ina so mu tara mata, matan aure da 'yan mata, sau ɗaya a mako, mu riƙa karanta tsofaffin littattafanmu a fili, kafin masu ƙosai su gama da su.

"Ummi, kin cika neman wahala," in ji ta. "Mata na neman leshi mai duwatsu, ke kina so ki ba su takarda mai warin ɓera."

"Ba warin ɓera ba ne. Ƙanshin tsufa ne."

"To, ɓeran ne ya tsufa."

Ta gama dariyarta, ta kuma roƙa mana ɗakin baƙi na gidansu, ranar Alhamis bayan la'asar. Littafi kuwa na ɗauko shi daga adakar Baba. Bangonsa ya daɗe da yagewa, don haka muke ce masa na fatake. Labarin wani saurayi ne, Yunusa, mai rawar kai da zaƙin baki, da ya bi ayarin masu sayo goro zuwa Gwanja da jakinsa ɗaya, shi ma gurgu. Ɗaki ya samu, littafi ya samu, saura mazaje. Baba ne ya gaya mini gaskiya, yana zaune a zaure yana feƙe alƙalami.

"Babu namijin da zai bar matarsa ta fita don yarinya ta kira taro, Uwata. Ki nemi babba ta zauna muku. In kin samu Hajiya Yalwa kin samu Fagge. In ba ki same ta ba, ki karanta wa Sikira."

Hajiya Yalwa yayar mai unguwa ce, doguwa, mai ƙarancin magana. Ita ake kira in amarya ta yi yaji, ita ke raba maƙwabta in sun kaure a kan kwata. Duk inda ta zauna an san ba a abin kunya a wurin. Ta yi ajin yaƙi da jahilci a zamaninta, tana karanta boko. Sai dai ta daina fita. Shekara guda kafin nan ɗanta ya rasu, wani akawu mai fara'a da duk unguwa ke kira Ɗanjuma. Yana cikin na farko da suka sayi babur a layinmu, kuma a kansa mota ta buge shi a hanyar Zariya. Ina kwaleji aka yi rasuwar. Tun daga nan ba a ƙara ganinta a gidan suna ko na biki ba.

Muka same ta a tsakar gida a kan tabarma, tana jan carbi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Na yi bayani ina haɗiye rabin kalmomin, ta saurare ni har na kai aya.

"Allah ya taimaka, 'yar Malam. Ni dai na gama fita."

Sikira ta zungure ni. "Karanta mata kaɗan mana."

Na buɗe shafin farko, inda Yunusa yake rantse wa madugu cewa jakinsa ba ɗingishi yake yi ba, yanga ce. Ban ɗaga kai ba sai da na kai ƙarshen shafin. Hajiya tana kallon bango, carbin ya tsaya a hannunta.

"Wace rana kuka ce?"

"Alhamis, Hajiya."

"Allah ya kai mu."

Na fito ina jin kamar in tashi sama. Na ɗauka muryata ce ta yi aikin.

Maganar Baba ta tabbata. Da labari ya bazu cewa Hajiya Yalwa na zuwa, sai mazaje suka saki. Matan 'yan kasuwar Fagge suka zo. Matan ma'aikatan jirgin ƙasa da na banki suka tsallako daga Sabon Gari, yawancinsu amare ne da aka kawo daga wasu garuruwa, ba su san kowa a Kano ba. Ɗakin ya cika har ana zama a dokin ƙofa. Iya Sikira ta riƙa aiko mana da soyayyar doya da lemon kwalba, tana cewa karatu ba ya shiga cikin da babu komai. Na kafa dokoki biyu, irin waɗanda na kwaso daga kwaleji. Littafi zai zaga, kowa ta karanta shafinta. Sa'an nan ba a tsallake kalma, ba a sauya ta, domin wanda ya rubuta ya sha wuya kafin ya ajiye kowace a mazauninta. Ina faɗin haka da fuskar malamai, kuma har cikin zuciyata na yarda da shi.

Watannin nan su ne mafi daɗi da na yi kafin in haife ku. Matan nan suka ɗauki Yunusa kamar ɗan unguwa. In ya yi ƙarya su yi masa faɗa, in zazzaɓi ya kwantar da shi a zango su yi tsit, wata ma har ta faɗi saiwar da ya kamata a dafa masa. Akwai wata Ladi, matar direban jirgi, da ta rantse ƙaninta aka rubuta.

"Wallahi Yunusa ba zai tsufa da haƙoransa ba. Wani zai zubar masa da su kafin Gwanja."

Hajiya ba ta sa baki. Tana zaune a kujera 'yar tsugunno nesa da taga, inda ƙarar injin ba ta da ƙarfi, idonta a lumshe. Ba ta taɓa fashi ba, ba ta taɓa makara ba. In littafi ya zagayo kanta sai ta miƙa wa ta kusa da ita.

"Idon ya tafi, 'yar Malam. Baƙaƙen nan kamar tururuwa nake ganinsu."

Abin ya riƙa damuna. Ina ganin kamar mun mai da ita mai gadi, muna cin albarkacinta ita ba ta samun komai. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan, ina so a ce a Fagge Ummi ta sa Hajiya Yalwa ta yi karatu a bainar jama'a. Da na karɓi albashi sai na nufi Kasuwar Sabon Gari, wajen wani mutum mai yawo da tire cike da tabarau. Na jawo shi har rumfar Iya Sikira, tunda sa'ar Hajiya ce, ta riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya tana duba ƙananan rubutun da ke bakin atamfa, har muka samu wanda ya fito da baƙi ɓaro-ɓaro. Mai ruwan zinariya ne a gefe. Iya Sikira ta dubi kanta a madubi, ta dubi kayanta, ta ce ita ma a ba ta irinsa, ashe duk leshin da take sayarwa ba ta taɓa ganin zanensa sosai ba.

Ranar Alhamis ɗin labari ya kai mu bakin kogin Kwara. Ayari ya iso, ruwa ya cika ya batse, masu jirgi sun ƙi ɗaukar jakuna. Na jira littafin ya zagayo kan Hajiya. Ta fara miƙa shi gaba kamar kullum, sai na taso na durƙusa a gabanta, na ajiye mata ƙunshin a cinya.

"Hajiya, ga ido mun sayo miki."

Aka yi dariya, aka tafa. Ta warware, ta daɗe tana kallonsa. Kun san babba ba ya mayar da kyautar yaro a gaban mutane.

"Ke kuwa, 'yar Malam," ta ce a hankali.

Ta saka. Ladi ta ce saura rawani Hajiya ta zama alƙali. Na lura da mata biyu, 'yan asalin unguwar, ba su yi dariya ba, sun sunkuya suna wasa da gefen mayafi. Ban kawo komai a raina ba.

Ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layi ta fara. Karatunta a hankali yake amma babu gargada, murya mai kauri mai daɗin saurare. Ta karanta yadda madugu ya dubi ruwa, ya dubi jakuna, ya dubi rana. Sai yatsan ya tsaya.

"Sa'an nan ya kira yaron nan."

"Hajiya, ba haka aka rubuta ba," na ce, ina murmushi.

Ta koma farkon layin. "Sa'an nan ya kira yaron nan, ya ce masa..."

Daidai nan injin markaɗe ya yi tari ya mutu. Shiru ya sauka a ɗakin, irin wanda ba mu taɓa ji a wurin ba, har ana jin kaji a gidan maƙwabta. Ni kuwa na ɗauka kalmar ce ta yi mata tsauri a takarda, kamar yadda takan yi wa 'yan aji biyu. Na matsa, na ɗora yatsana kusa da nata, na ɗauko muryar da nake lallashin yara da ita.

"Mai sauƙi ce, Hajiya, kin sha jin ta. Mu raba ta. Yu. Ce Yu."

Wata ta ja gefen zanena ta baya. Ban waiwaya ba.

"Dokarmu ce, ba a tsallakewa. Ko Hajiya ba ta fi ƙarfin doka ba." Da wasa na faɗe shi, ina jiran a yi dariya. Ba wadda ta yi.

Ta ɗago ta dube ni ta cikin tabarau ɗin da na saya mata. Ya ƙara wa idanunta girma. Na duba babu fushi a cikinsu. Ta mai da kai kan takarda.

"Yunusa," ta ce.

Sau ɗaya, ƙasa-ƙasa, kamar mai ɗanɗana abu mai zafi. Ta rufe littafin ba ta ƙarasa layin ba. Ta cire tabarau, ta ƙulle shi a gefen mayafinta, ta miƙe.

"Allah ya yi muku albarka. Bari in je, na bar wanki a igiya."

Ɗaya daga cikin matan nan biyu ta toshe baki da mayafi ta bi bayanta. Ta biyun ta ƙi kallona. Sauran muka zauna muna duban juna, ba wadda ta san abin da ya faru, doya ta huce a faranti.

Na samu Inna a madafi tana tuƙa tuwo. Na ba ta labari, ina fatan ta ce rigimar tsufa ce kawai. Ta tsayar da muciya.

"Wa kika ce sunan yaron littafin?"

Na faɗa. Ta sauke tukunyar daga wuta tuwo bai yi ba, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta zauna a kan turmi.

"Ɗanjuma ai don ranar da aka haife shi ne. Wancan shi ne sunansa na yanka. Ɗan farinta ne, Ummi. Ta haife shi, ta yaye shi, ta ga girmansa, ta ga an fita da shi a makara, bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Sai yau, a gaban matan Sabon Gari, 'yar cikina ta raba mata shi gaɓa-gaɓa."

Na ji kamar an kwance mini zane a tsakiyar kasuwa. Da baƙuwa ce ni da an ce ban sani ba. Amma a gidan nan na tashi, inda Inna ba ta taɓa kiran babban yayana da sunansa ba, sai dai ta ce wancan, in ya yi tafiya kuma ta tambayi lafiyarsa ta bakin wani. Ni kaina Maryam ce a takarda, amma Ummi nake amsawa, Baba kuwa ya ce Uwata, saboda sunan mahaifiyarsa na ci. Ku yanzu kuna kiran 'ya'yanku na fari da sunansu har da ƙarin shagwaɓa, ban ce laifi ba ne. A lokacin dai, ko yarinyar da ba ta isa ɗaura zane ba, in ta ji babbar mace ta ce yaron nan sau biyu, ta san ta ja bakinta.

Baba ya shigo alwalar magariba ya tarar da mu a haka. Inna ta gaya masa a taƙaice. Ya ajiye butar.

"Ta je da safe ta durƙusa ta ba da haƙuri."

"Haƙurin me, Malam? Ta buɗe baki ta ce me? Duk hanyar da ta bi sai ta bi ta kan sunan. A sake tayar wa baiwar Allah?"

"To ta je ta zauna ta yi shiru. Za ta gane."

"Shirun ma a gida ya fi mutunci."

Na bi maganar Inna. Ba wai ta fi ta Baba nauyi ba ne, ita ce dai wadda ba za ta sa in haɗa ido da Hajiya ba. Washegari Sikira ta same ni kwance na juya wa ƙofa baya.

"Ni fa har gobe ban gane ku ba," in ji ta. "Uwata da sunana ake kiranta, a kasuwa sai a yi ta jansa tun safe har yamma, ba abin da ya same ta. Ku kuwa ku haifi ɗa ku yi ta ɓoye sunansa kamar kayan sata."

"Kunya ce, Sikira."

"Na ji. To wata nawa tana zaune muna kiransa a kanta? Me ya hana ta tashi?"

"Haƙuri ta yi ta yi, don kada ta rushe mana taro."

"Ita ta gaya miki? Je ki tambaye ta."

"Ba a tambayar irin wannan."

Amsar da na ba Sikira, cewa haƙuri Hajiya ta yi ta yi, ita ta fi ci mini rai. Na riƙa tuno kowace Alhamis, yadda muke jefa sunan nan daga baki zuwa baki, Ladi na yi masa baƙar addu'a muna dariya, uwarsa na zaune ta lumshe ido. Na ƙudura ba za ta ƙara jin sa a ɗakin nan ba. Na kuma san in ta daina zuwa ƙungiya ta mutu, don haka in akwai abin da zai riƙe ta, to cire ƙayar ne. Na san labarin tun ina yarinya. A shafi na gaba Yunusa zai haye ruwan, shi da jakin a jirgi ɗaya, kuma zai koma gida da goronsa. Na naɗe littafin a tsohon ɗankwali na tura shi can ƙasan adaka. Sauran kwanakin na yi su ne ina bin tsofaffin littattafan Baba layi-layi, ba don daɗinsu ba, ina farautar suna ɗaya. Duk wanda na gan shi a ciki in ajiye gefe. Daga ƙarshe na zaɓi wani na waƙoƙin wa'azi, wanda babu sunan kowa a cikinsa sai mutuwa da hisabi.

Alhamis ta zagayo, na tafi. Na tabbata Hajiya ba za ta zo ba. Ina shiga na tarar da ita a kujerarta, ta riga kowa. Tabarau ɗin yana hannunta. Na ce a raina ta zo ta mayar mini da abina ne a asirce. Na durƙusa na gaishe ta ina kallon tabarma, ta amsa kamar kullum. Da ɗaki ya cika na fito da sabon littafin.

"Ina na fataken?" ta tambaya.

"Baba ya karɓi abinsa, Hajiya."

"Ba zai ƙara ba da aro ba?"

"Ya ce ya tsufa, yana tsoron kada ya ƙarasa yagewa."

Ta juya tabarau ɗin a hannunta. Injin na ta kukansa a bayan katanga.

"To," ta ce. "Gaskiyarsa."

Ladi ta fara mita, Sikira ta taka mata ƙafa. Hajiya ta ƙulle tabarau ɗin a gefen mayafi, ta zauna har aka tashi, muna ta rera azabar kabari. Mako na gaba ta zo, amma ta fita kafin a gama. Na bayansa kujerar ta wuni babu kowa. Ba ta aiko ba, ni ma ban aika ba.

Mazaje suka ji labari. Wannan ya ce matarsa tana da baƙi, wancan ya ce hanya ta yi yawan motoci. Kafin damina ta tsaya mun koma ni da Sikira da Ladi, sai mijin Ladi ma aka yi masa canjin wurin aiki. Wan Sikira ya sayo talabijin ya kafa ta a ɗakin, a daidai inda kujerar Hajiya take. Ba wanda ya ce an rufe ƙungiya. Wata Alhamis ce kawai ta zo ban ɗauki mayafi ba.

Na sauya hanyar makaranta. Maimakon in bi ta ƙofar gidan Hajiya, sai in zaga ta Singa, in ratsa tsakanin manyan motoci da 'yan dako, in isa aji da ƙurar gari a takalmi. Haka na yi ta yi har na bar unguwar. Da aka zo bikina ta aiko mini da tasa mai murfi, sabuwa, na sa Inna ta yi godiya a madadina. Muna Zariya da babanku, ina goyon babbarku, aka aiko cewa ta rasu. Na yi mata addu'a, na kuma ci gaba da zama da abin da na sani, cewa na tozarta ta a gaban yara, ta daure ta zo sau biyu don kada a ce ta yi fushi, sa'an nan ta janye.

Ina da jikoki aka yi rasuwar Iya Sikira. Na je Fagge zaman makoki. Muna zaune a tsakar gida wata mata mai furfura ta matso kusa da ni, ta ce ita ce Binta, autar Hajiya Yalwa, wadda take yarinya a gida a wancan lokacin.

"Malama Ummi ce ko? Ta littafin fatake."

Da tsufana na sunkuyar da kai. Na ce, "Ni ce. Ni ce na ɓata wa Hajiya har ta daina fita."

Ta dube ni kamar na yi wani yare.

"Wa ya gaya miki? Tun da aka fita da Yaya ba wanda ya ƙara ambatonsa a gidanmu. Babanmu ya hana, wai kada a tayar mata. Ita kuma ba ta da bakin faɗa. Sai ga ku da littafinku. Ranar Alhamis tun azahar take shiri. In ta dawo ta zauna a tabarma ta ba mu labari. Yau yaron nan ya yi ƙarya an kama shi. Yau yaron nan ya ji sauƙi har ya sha kunu. Har dariya take yi, mu da mun manta kamannin haƙoranta."

"Ranar tabarau fa?"

"Ta yi kuka ranar, ba ƙarya. Da gari ya waye kuma ta sa na samo mata tsohuwar jarida. Mako guda tana gwada karatu, wai kada ta ba ki kunya in layi ya zo kanta."

Binta ta gyara mayafinta, ta karɓi goron da ake zagayawa da shi ta ɓara, ta miƙo mini rabi.

"Da kuka sauya littafi ba ta ce da kowa komai ba. Sai dai har ta bar duniya, wani lokaci tana zaune haka kawai sai ki ji ta ce, sun bar yaron nan a bakin ruwa."